Haƙoran kaza a ƙundunta suke

Wani kuka da muke yawan ji a shirye-shiryen noma da kiwo na rediyon karkara shi ne na masu kaji da suka daina sakin su, suka kulle su a akurki saboda ɓarayi ko shaho. Ga gero, ga dawa, ana zuba masu ba ƙaƙƙautawa, amma kajin ba sa yin nauyi, wani lokaci ma sai a ga ƙwayar hatsi ta fito a kashinsu kamar yadda ta shiga. Sau da dama ba ciwo ba ne, tsakuwa ce suka rasa.

Kowa ya san kaza ba ta da haƙori. In ta tsinci hatsi, haɗiye shi take yi, ya sauka a wata jaka da ke gindin wuyanta, wadda muke jin ta cike idan muka kama kaza da maraice. Nan hatsin yake jiƙa ya yi laushi. Daga nan ya wuce wani ƙaramin ciki mai fitar da ruwa mai tsami, sannan ya faɗa ƙundu. To, ƙundu shi ne dutsen niƙan kaza. Nama ne mai kauri da ƙarfi, yana matsewa yana saki, tsakuwar da kaza ta tsinta a tone-tonenta kuwa ita ke murƙushe hatsin. Wannan fata mai ruwan ɗorawa da mata ke ɓarewa in suna gyaran ƙundu, ita ke kare naman daga kaifin tsakuwa. Ba banza ba a gidaje da dama ake ajiye wa maigida ƙundu.

Ƙarfinsa ya wuce yadda ake zato. A shekarar 1752 wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Reyomir ya ɗura wa talotalo ƙananan bututun ƙarfe, da aka buɗe ƙundun sai aka tarar ya lanƙwasa su.

Saboda haka mai kiwon da ke ba kaji hatsi ɗanye ba niƙa, kuma ba ya sakin su, wajibi ne ya ajiye masu ƙananan tsakuwa ko yashi mai gari-gari a wani kasko. Masu ba da garin abinci na kamfani ba su cika bukatar haka ba, tun da an riga an yi niƙan. Kada kuma a haɗa tsakuwa da garin ƙashi ko farar ƙasa da ake ba masu ƙwai: waɗannan narkewa suke yi, aikinsu gina ɓawon ƙwai. A nan ne kuma haɗari yake, domin kaza ba ta tantance abin da take haɗiya. Ƙusa, waya ko allura kan huda ƙundu, leda da zaren buhu kuwa su toshe jakar wuya. Jimina, wadda ake ƙoƙarin ceto irinta a Kelle cikin jihar Damagaram, ta fi kowa wannan hali, har ta yi suna da shi.

Tattabara tana da nata abin mamaki: uwa da uba duka suna fitar da wani abu mai kama da kindirmo daga jakar wuyansu, da shi suke ciyar da ƴaƴansu a kwanakin farko.

In muka juya ga masu jan ciki, za mu ga dangantaka. Kada, irin wanda ake gani a dajin W ko a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, haƙora gare shi birjik, amma ba ya tauna. Yagar nama yake yi ya haɗiye, kuma shi ma ana samun duwatsu a cikinsa. Masana sun rabu kan amfaninsu, wasu na cewa niƙa suke yi, wasu na cewa nauyi suke ƙara masa a cikin ruwa. Abin da ba a musu a kai shi ne tsamin ruwan cikinsa, wanda ke narkar da ƙashi. Mesa ma haka, ta haɗiye dabba sukutum, ta kwanta kwana da kwanaki tana narkarwa, bayan haka tana iya yin watanni ba ta nemi komai ba.

Babban bambancin shi ne zafin jiki. Jikin kaza yana kan digiri 41 dare da rana, shi ya sa abinci ke ratsa ta cikin ƴan awoyi, ta wuni tana neman wani. Ƙadangare da maciji da kada ba su da wannan wutar, daga rana suke aro. Ƙadangaren da muke gani bisa katanga da hantsi ba zaman banza yake ba, ɗuma jikinsa yake don cikinsa ya soma aiki. In sanyi ya yi yawa sai su rage ci ko su daina, domin abincin zai iya ruɓewa a ciki kafin ya narke.

Inda suka sake haɗuwa shi ne mafita. Tsuntsu da ƙadangare ƙofa ɗaya gare su ta kashi da fitsari da ƙwai, kuma farin nan da ke saman kashinsu shi ne fitsarin, an daskarar da shi don tattalin ruwa. Mai kiwo yana iya karanta lafiyar kajinsa a nan. Kashi mai laushi ruwan ƙasa da kan fito jifa-jifa a wuni ba ciwo ba ne. Amma jini a kashin ƴan tsaki, ko zawo kore tare da kasala da karkacewar wuya, musamman lokacin hunturu da cutar Niyukasal ke share garke, waɗannan na bukatar a ware marasa lafiyar nan take a kira ma'aikacin kiwo.