Ɗalibi a gonar gahawa: wa ya je koya wa wa?

Da zarar jami'o'in Amurka da Kanada sun shiga hutun sanyi, sai hotuna iri ɗaya su cika Facebook da Instagram. Matashi ya ɗaura kwando a ƙugu, yana washe baki a tsakiyar bishiyoyin gahawa a wani tsauni na Kosta Rika ko Gwatamala, a ƙasa ya rubuta wai ya je "taimakon manoma marasa galihu". Har 'ya'yanmu da ke karatu a can sun fara ɗaukar salon, 'yan'uwa a gida na ta sa albarka. Wannan magana ta ishe ni, domin ƙarya ce mai ado, kuma cin fuska ce ga mutanen da suka sauki baƙo.

Shirin kansa ba laifi. Jami'a ce ke kwasar ɗalibanta, na sati biyu ko uku, wani lokaci zango guda, ta kai su ƙauyen manoman gahawa su zauna a gidajen mutane, su ga noma da ciniki da idonsu, a ba su maki. Gani ya kori ji. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗalibin ya ɗauka shi ne malamin.

Mu fara da tsinkar da ake ɗaukar hoto da ita. 'Ya'yan gahawa ba sa nuna lokaci guda. A reshe ɗaya akwai ja, akwai ɗanye shar, akwai wanda ya zarce. Jan kaɗai ake so, shi ya sa ake komawa bishiya ɗaya sau da dama kafin kaka ta ƙare. Ɗanye idan ya yi yawa a kwando ya rage darajar kayan gaba ɗaya, mai fizga da ƙarfi kuma ya lalata reshen da zai yi 'ya'ya baɗi. A yankin Tarrazu na Kosta Rika akasarin masu wannan aiki 'yan ci-rani ne daga Nikaragwa da 'yan ƙabilar Ngabe daga Panama, ana biyansu da awon da ake kira kahuwela, wanda ya kai kimanin kilo 13. Hannunsu ya saba tun suna yara. Ɗalibin da ya yini yana tsinka yana duba waya, sau tari sai an sake zama an tsince abin da ya tara. Kamar a sako ɗan birni a fadamar Kadawa ne ranar cirar tumatir, ya tattake rabi, sannan ya jira godiya.

To ko ilimi ya kai musu? Manoman Santa Mariya de Dota a Kosta Rika sun kafa ƙungiyarsu ta gama-kai, Coopedota, tun 1960, kuma a 2011 gahawarsu ta zama ta farko a duniya da aka ba shaidar cewa nomanta bai ƙara wa sararin samaniya hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. Ƙasar ta yi doka tun 1961 kan yadda za a raba kuɗi tsakanin manomi da mai injin sarrafawa da mai fitarwa waje. A Turrialba, a ƙasar dai, akwai cibiyar bincike ta CATIE mai tarin irin gahawa daga sassan duniya, a Habasha kuma, inda gahawar arabika ta samo asali, akwai cibiyar Jimma. Waɗannan ne yaro ɗan shekara 19, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, zai wayar wa kai cikin sati biyu?

Ciwon manomin gahawa a wani wuri yake. Bishiyar sai ta yi shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara haihuwa, don haka ba ya iya sauya shuka don farashi ya karye. Farashin kuwa a kasuwar New York ake yanka shi. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke daidaita shi ta wargaje a 1989, zuwa 2001 farashin laba ɗaya ya faɗi ƙasa da santi 50 na dala, iyalai suka bar gonaki. A 2012 cutar tsatsar ganye ta mamaye Amurka ta Tsakiya, har Gwatamala ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a 2013. Ga kuma canjin yanayi. Ba ɗaya cikin waɗannan da kwandon ɗalibi zai magance.

Amfanin da ke isa ga manomi a zahiri shi ne kuɗin masauki da abinci da na lokacinsa, in an biya shi yadda ya kamata. Saboda haka ɗana, 'yata, kafin ku sa hannu ku tambayi masu shiryawa kai tsaye: a cikin kuɗin nan nawa ke shiga hannun mai gida? Ƙungiyar manoma ce ta gayyato ku, ko kamfanin yawon buɗe ido ne ya yi hayar ƙauye? In ana ta kwana-kwana, kun samu amsa. Ku tambayi lokaci ma, don a Tarrazu kaka tana kamawa ne daga ƙarshen shekara zuwa wajen Maris, kuma a tsakiyarta mai gida ba shi da lokacin hira.

Ku koyi gaisuwa da godiya da harshensu kafin jirgi ya tashi. Mu da ke rena wanda ya shigo gida ba sallama bai kamata a tuna mana wannan ba. Ku sanar tun da wuri cewa ba ku cin naman alade, ku ambaci kitsensa ma, domin a can akan yi girki da shi. Kunya ce uwar gida ta ɓata yini a murhu sannan ka ture kwano. Ku tafi da takalmin roba da rigar sanyi, tsauni ne. Kada ku ɗauki hoton kowa sai da izini, na yara kuwa sai iyaye sun yarda, kuma ku tambayi kanku ko za ku so a nuna tsakar gidanku haka. Kada ku yi alkawarin turo kuɗi ko nemo masu saye in ba ku da ikon cikawa, an sha yi musu. In kun rubuta rahoto, ku aika musu kwafi da harshen da za su karanta. Su kuma iyaye su sani tafiyar karatu ba bizar aiki ba ce, duk dillalin da ya ce a kawo kuɗi ya tura yaro "aiki a gonar gahawa" ta wannan hanya, a nemi takardar jami'a a gani.

Wanda ba shi da kuɗin jirgi ma bai rasa ba. Ana noman gahawar arabika a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, kuma cibiyar binciken koko ta Najeriya tana da reshe a can, a Kusuku. Sashen noma na kowace jami'a a Arewa zai iya cika mota ya nufi Gembu da ke kan tsaunin, muddin an fara aika wa manoman saƙo an ji ranar da ta yi musu, an kuma yi cinikin ladan wanda zai bar aikinsa ya zagaya da ɗalibai.