Tarin Fukan Ƙashin Baya: Me Ya Sa Ake Makara Wajen Gano Shi?

Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert a 2010, gano cutar a huhu ya yi sauƙi: a ba da kaki, na'ura ta fitar da sakamako cikin kimanin awa biyu. Sai dai wanda ƙwayar cutar ta bi jini ta sauka a ƙashin bayansa bai ci moriyar wannan ci gaba sosai ba. Sau da yawa sai ƙusumbi ya fito ko ƙafafu sun mutu ake kai shi asibiti, alamun da likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana tun 1779.

Dalili na farko, cutar ba ta zuwa da hayaniya. Mai ita kan yi watanni da ciwon baya, da rama, da zufar dare, ba lallai ya yi tari ba. A gida sai a ce sanyin ƙashi ne ko basir, a sayo maganin kashe zafi a kyamis. In ƙafa ta fara nauyi, a ce jifa ne.

Na biyu, kayan bincike. Hoton X-ray ba ya nuna komai sai cutar ta ci ƙashi sosai. MRI ne ke gano ɓarna da wuri, ya nuna mugunyar da ta taru da yadda ta danne laka, amma yana da tsada, kuma sai a manyan birane. Shi ma hoton bai wadatar ba, domin ciwon daji da bakkale kan yi kama da ita. Tabbaci sai an sa allura an ɗebo mugunya ko ɗan tsoka daga wurin an gwada.

Sakamakon jinkirin yana da nauyi. Wanda aka gano da wuri kan warke da ƙwayoyin da ake bayarwa kyauta, na tsawon wata 12. Wanda ya makara kuwa yana iya buƙatar tiyata a manyan asibitoci irin na ƙashi da ke Dala a Kano, wani kuma ya ƙare a keken guragu, sana'a ta tsaya, iyali su shiga bashi.

Gyara mafi arha yana hannun ma'aikatan ƙananan asibitoci: su riƙa zargin cutar da wuri, su tura majinyaci gaba. Duk mai ciwon bayan da ya daɗe yana kuma ramewa, musamman mai ƙanjamau ko wanda ya zauna da mai tarin fuka, a kai shi gwaji tun yana tafiya da ƙafarsa.