Kakar Kano Pillars ta 2009 a Gasar Zakarun Afirka

Kakar 2009 ita ce shekarar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars, wadda ake wa kirari da "Sai Masu Gida", ta fara buga Gasar Zakarun Nahiyar Afirka ta hukumar CAF. A wannan fitowa ta farko ƙungiyar ta fitar da Al Ahly ta Masar mai riƙe da kofin, ta zo ta ɗaya a rukuninta, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta fitar da ita. Har yanzu nan ne mafi nisa da Pillars ta taɓa kaiwa a gasar nahiyar.

Asalin ƙungiyar

An kafa Kano Pillars a shekarar 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na birnin Kano: WRECA, Kano Golden Stars da Bank of the North. Biyu daga cikinsu ƙungiyoyin ma'aikatu ne. WRECA ita ce hukumar da ke kula da madatsun ruwa da ruwan sha a tsohuwar Jihar Kano, kuma tsohuwar matatar ruwa ta Challawa da ke Panshekara na cikin wuraren da ake bai wa birnin ruwa daga gare su. A wancan zamani kamfanoni, bankuna da hukumomin gwamnati ne ke riƙe da yawancin ƙungiyoyin ƙwallo a Najeriya. Raccah Rovers, wadda ta kawo wa Kano kofin gasar ƙasa a 1978, ita ma sunan wani gidan kasuwanci na Kano ta ɗauka.

Bayan nasarar Raccah Rovers, Kano ta yi shekara 30 ba ta sake ɗaukar kofin ba. Sai a 2008 Pillars, wadda mallakar gwamnatin jiha ce, ta lashe gasar Firimiyar Najeriya a ƙarƙashin mai horaswa Kadiri Ikhana, wanda ya ci kofin Afirka da Enyimba a 2003. A lokacin Malam Ibrahim Shekarau ne gwamnan jihar. Wannan kofi ne ya ba ƙungiyar gurbi a Gasar Zakarun Afirka ta 2009, tare da Heartland wadda ta zo ta biyu. Ikhana bai ci gaba da zama ba, Ivo Sajh ɗan ƙasar Sloveniya ne ya jagoranci ƙungiyar a gasar nahiyar.

Yadda tsarin gasar yake

A 2009 ƙungiyoyi takwas kacal ke shiga matakin rukuni. Kafin a kai can sai an bi ta zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kowane zagaye wasa biyu, gida da waje, a haɗa ƙwallayen duka. Idan an yi kunnen doki a jimilla, ƙungiyar da ta fi zura ƙwallo a filin abokiyar karawarta ita ke wucewa. Wannan doka ta ƙwallon waje, wadda hukumar ƙwallon Turai ta soke a 2021, ita ce ta yanke hukunci a wasa mafi girma na Pillars a shekarar, ita ce kuma ta yanke hukunci a wasan ƙarshe na gasar.

Karawa da Al Ahly

A zagayen 'yan 16, wato mataki na ƙarshe kafin rukuni, aka haɗa Pillars da Al Ahly. Babu wata ƙungiya a Afirka da ta kai ta ƙarfi a lokacin. Ta ci kofin sau shida, a 1982, 1987, 2001, 2005, 2006 da 2008, kuma ta buga wasan ƙarshe sau huɗu a jere daga 2005 zuwa 2008. Mai horas da ita, Manuel José ɗan ƙasar Fotugal, shi ya ci huɗu daga cikin kofunan shida. 'Yan wasanta irin su Mohamed Aboutrika da Wael Gomaa su ne ƙashin bayan tawagar Masar da ta ci Kofin Ƙasashen Afirka a 2006 da 2008.

Wasan farko a Najeriya ya tashi ci 1 da 1. Ga ƙungiyar da ke gida wannan sakamako ba mai daɗi ba ne, domin Al Ahly ta koma da ƙwallon waje a hannu: da an tashi babu ci a Alƙahira, ita ke wucewa. Ke nan dole Pillars ta zura ƙwallo a Masar, kuma ko ta zura ɗaya aka farke, ba ta tsira ba tukuna. Abin da zai ba ta gurbi kai tsaye shi ne nasara, ko canjaras na ci biyu-biyu zuwa sama.

Hakan kuwa aka yi. A watan Mayu na 2009 aka tashi 2 da 2 a Alƙahira. Jimilla ta zama 3 da 3, Pillars na da ƙwallon waje biyu, Al Ahly na da ɗaya. Mai riƙe da kofin ta fita ba tare da an doke ta ko sau ɗaya a wasannin biyu ba. Wasu na ganin wannan ya rage wa nasarar armashi, amma zura ƙwallo biyu a ragar Al Ahly a gidanta a waɗannan shekaru abu ne da manyan ƙungiyoyin Tunisiya da Maroko ma ba kasafai suke samu ba. Bayan 'yan makonni Manuel José ya bar ƙungiyar ya karɓi aikin horas da tawagar Angola.

Matakin rukuni

An buga wasannin rukuni daga Yuli zuwa Satumba. Pillars ta faɗa rukunin A tare da manyan ƙungiyoyin Sudan biyu, Al-Hilal da Al-Merreikh, dukkansu na birnin Omdurman, sai ZESCO United ta Ndola a Zambiya. Ta gama a matsayi na ɗaya, Al-Hilal na biye da ita. A rukunin B kuwa TP Mazembe ta Lubumbashi ce ta zo ta ɗaya, Heartland ta biyu, aka bar Étoile du Sahel ta Tunisiya da Monomotapa United ta Zimbabuwe a baya.

Tunda wadda ta zo ta ɗaya a wani rukuni tana haɗuwa ne da ta biyu a ɗaya rukunin, sai ƙungiyoyin Najeriya biyu suka faɗa hannun juna. Tun kafin a take ƙwallo an san Najeriya za ta samu wakiliya a wasan ƙarshe, karo na farko tun bayan da Enyimba ta ci kofin a 2003 da 2004.

Wasan kusa da na ƙarshe

A watan Oktoba Heartland, wadda a da ake kira Iwuanyanwu Nationale, ta lallasa Pillars da ci 4 da nema a Owerri. Wasan farko kaɗai ya gama magana. A wasa na biyu ma Heartland ta sake yin nasara da ci 1 da nema, jimilla 5 da nema. Ƙungiyar da ta zura uku a ragar Al Ahly ta kasa zura ko ɗaya a minti 180 da ta yi da ƙungiyar da ta sani ciki da bai, wadda kuma ta bari a bayanta a teburin gasar gida shekara guda kafin nan.

Heartland ba ta ɗauki kofin ba. Ta ci TP Mazembe 2 da 1 a gida, aka ci ta 1 da nema a Lubumbashi, dokar ƙwallon waje ta ba Mazembe kofin a watan Nuwamba.

Kano a shekarar

Kakar ta zo a lokacin da masana'antun Kano ke cikin matsi. A rukunonin masana'antu na Sharada, Challawa da Bompai, masaƙu da kamfanoni da dama sun rufe ko sun rage ma'aikata saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha. Irin kamfanonin da a da suke iya ɗaukar nauyin ƙungiyar ƙwallo sun ja baya, abin da ya bar Pillars ta dogara kusan kacokan a kan kuɗin gwamnatin jiha. A unguwannin ma'aikata kamar Panshekara, kamar sauran sassan birnin, gidajen kallo masu nuna gasar Ingila da ta Sifaniya sun riga sun janye hankalin matasa. Duk da haka Pillars na cikin 'yan ƙungiyoyin Najeriya da suka ci gaba da tara dubban 'yan kallo a wasannin gida, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A ƙarshen wannan shekara filin ya karɓi wasannin Gasar Cin Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda Najeriya ta shirya daga Oktoba zuwa Nuwamba.

Abin da ya biyo baya

A kakar 2009/2010 wani matashin ɗan wasan Pillars, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18 a gasar Firimiya, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa a 1990, daga nan ya wuce ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan.

A gida ƙungiyar ta ƙara ƙarfi. Ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, a 2012, 2013 da 2014, kuma daga 2003 ba a doke ta a wasan lig a gida ba sai a watan Agusta na 2015, lokacin da Nasarawa United ta ci ta 2 da 1. A 2019 ta ɗauki kofin Aiteo bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti a Kaduna.

A nahiya kuwa ba ta sake shiga matakin rukuni ba. AS Vita ta Kinshasa ta fitar da ita a 2014, Moghreb Tétouan ta Maroko a 2015, Asante Kotoko ta Gana a 2019. A 2013 ta ci AC Léopards ta Kongo-Brazzaville 4 da 1 a gida, aka ci ta 3 da nema a waje, ta fita da dokar ƙwallon waje.