Masu rubuta manhaja: a gida za su yi aiki ko a ofis?

Yau shirin namu ya leƙa wajen masu rubuta manhaja, mutanen da kayan sana'arsu bai wuce kwamfuta da intanet ba, amma har gobe ana ja-in-ja kan inda za su zauna su yi aikin.

A watan Mayun 2020, lokacin da korona ta tsare kowa a ɗaka, Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, ya shaida wa ma'aikatan kamfanin cewa duk wanda ya ga dama ya ci gaba da aiki daga gida har abada. Alkawarin bai kai shekara uku ba. Elon Musk na sayen kamfanin a 2022 ya ce kowa ya dawo ofis, aƙalla awa 40 a mako. Amazon ma daga Janairun 2025 ta mai da zuwa ofis kwana biyar cur a mako. To, wanda ya riga ya kwashe iyalinsa zuwa garin da haya ke da sauƙi, ya sa yara a makaranta, yaya zai yi?

Shugabannin na cewa aiki ya fi tafiya idan ana ganin juna. Sai dai binciken Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin, kan ma'aikata sama da 1,600, ya nuna wani abu dabam. An bar wasunsu su riƙa yin kwana biyu a gida duk mako. Aikinsu bai ragu ba, ƙarin girma bai tsaya ba, masu ajiye aiki kuwa suka ragu da kashi ɗaya bisa uku. Ga kuma GitLab, kamfanin da ba shi da ofis ko ɗaya, ma'aikatansa na warwatse a ƙasashe fiye da 60.

Amma fa kada mu yi saurin tafi. Tsohon hannu zaman gida na yi masa daɗi, ba cunkoson hanya, ba mai katse masa tunani. Sabon shiga shi ke shan wuya, don sana'ar nan ana koyonta ne a gefen gwani, ya duba abin da ka rubuta ya ce gyara nan. Ɗan koyon da ke ɗaki shi kaɗai sau da yawa kunya kan hana shi tambaya. A Najeriya kuma, inda kamfanin masu rubuta manhaja na Andela ya rufe ofisoshinsa a 2020 ya koma aiki daga nesa, kuɗin data, man janareta da sola duk kan ma'aikaci suke komawa.

Saboda haka matasanmu, kafin ku sa hannu a takardar ɗaukar aiki, ku tambaya: tsarin zaman gidan a rubuce yake ko alkawarin baki ne, wa zai biya wuta da data, kuma wa zai riƙa duba aikinku? Ku aiko mana da ra'ayoyinku, sai mun ji daga gare ku.