Jirgin Ruwan da Ake Ɗinkawa a Tsakar Gida

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Yau za mu leƙa wata sha'awa da ta samu gindin zama a Ingila da Amurka, wato mutum ya ƙera ƙaramin jirgin ruwa na katako a gidansa, da hannunsa, don nishaɗin kansa da iyalinsa. Za ka ga malamin makaranta ne, ko direba, ko ma'aikacin ofis, idan ya taso daga aiki sai ya shiga garejinsa ya ɗauki zarto. Yaya aka yi aikin da a da sai wanda ya gada yake iya shi ya zama abin da uba da ɗansa za su gama a 'yan watanni? Ku gyara zama.

(KIƊA)

Labarin ya fara ne da katakon filawud, wanda kafintocinmu suka sani sarai. Siraran faifan itace ne ake jerawa a kan juna, wannan a tsaye wancan a kwance, a manne su da gam. Abin da ya sa yake da ƙarfi duk da rashin kaurinsa ke nan, kuma yana lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba. Faifai ɗaya tsawonsa ƙafa 8, faɗinsa ƙafa 4.

A shekarar 1947, a garin Clearwater na jihar Florida a Amurka, wani mutum mai suna Clifford McKay ya je wurin maƙerin jirage Clark Mills da wata buƙata. Yana son jirgin da yaro zai tuƙa shi kaɗai, wanda kuɗinsa ba zai wuce dala 50 ba, kuma wanda za a iya haɗawa a gida. Mills ya dubi faifan filawud, ya auna jirgin daidai da shi. Da ya ga hancin jirgi mai tsini zai sa tsawon ya zarce ƙafa 8, sai ya datse hancin ya bar shi a shafe. Jirgin ya fito gajere mai faɗin ciki, aka sa masa suna Optimist. A 1954 wani ɗan ƙasar Denmark, Axel Damgaard, ya kai shi ƙasarsu, daga nan ya bazu a Turai. Yau yara 'yan ƙasa da shekara 16 suna koyon tuƙi da shi a ƙasashe fiye da 100, kuma da yawa daga cikin masu tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska a wasannin Olamfik a cikinsa suka fara.

(KIƊA)

Sai dai har a lokacin, haɗa jirgi yana buƙatar a fara gina ƙashinsa, a jera haƙarƙari, sannan a lulluɓe da katako. A nan yawancin masu koyo ke karaya. Wani malamin koyar da kafinta a Ingila, Ken Littledyke, shi ya kawo sauƙi a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da yake ƙera ƙananan kwalekwale. Ya gano cewa idan aka yanka faifan filawud da siffar da ta dace, aka ɗinke gefe da gefe, su da kansu za su lanƙwashe su ba da siffar jirgi, kamar yadda tela ke yanka yadi a shimfiɗe ya ɗinke shi ya zama riga mai shiga jiki.

Wannan dabara ce Barry Bucknell ya ɗauka. A lokacin shi sananne ne a talabijin na BBC wajen koya wa mutane gyaran gida da kansu. Ya haɗa kai da gwanin zana jirage Jack Holt, jaridar Daily Mirror ta ɗauki nauyi, aka fito da jirgin Mirror a bajekolin jirage na birnin Landan a 1963. Tsawonsa mita 3.3, gangar jikinsa kilo 45 da 'yan kai, don haka mutum biyu za su ɗora shi a kan rufin mota. Ƙyallen da iska ke turawa ja ne, launin tambarin jaridar. A wancan lokacin ana sayar da shi a yayyanke, ka kai gida ka haɗa, a kan fam 63 da sule 11. An ƙera fiye da 70,000 daga lokacin, kuma da yawansu a gidajen talakawa ma'aikata aka haɗa su, mutanen da a da sai dai su hangi masu kuɗi suna shawagi a ruwa.

(KIƊA)

To, mai sauraro, bari mu bi aikin daki-daki.

Da farko sai an samu tsarin jirgi da gwani ya zana aka kuma gwada shi a ruwa. A nan ba a yin kintace, domin faɗin gindi da tsayin gefe su ke sa jirgi ya zauna daram ko ya kife. Kafin a fara yanka, a auna ƙofar ɗakin da za a yi aikin, a tabbata jirgin zai fita idan ya kammala.

Na biyu zaɓen katako. Filawud ɗin da ake yin kabad da shi ba ya jure ruwa, gam ɗinsa narkewa yake yi, faifan su rabu. Akwai na jirgi takanas, wanda aka manne da gam mai jure ruwa kuma babu kogo a cikinsa. Yawancin mai kyau daga itacen okume ake yin sa, itacen da ke fitowa daga dazukan Gabon. Masu aikin suna da gwaji mai sauƙi: a yanki ɗan guntu a tafasa shi a tukunya, a shanya, a sake tafasawa. In ya ɗaye, a bar shi. Ga ƙaramin jirgi, kaurin milimita 6 ya wadatar.

Na uku ɗinki. A zana layukan a kan faifan, a yanka da zarto, a goge bakin, sannan a huda ƙananan ramuka a jere tazarar kamar tafin hannu. A zura guntayen wayar jan ƙarfe, a murɗe su da filaya. Ba a ɗaurewa tamau tun farko. Sai an ɗinke ko'ina sako-sako, an ja da baya an duba ko jirgin ya karkace, an auna daga hanci zuwa kowace kusurwar baya an ga tsawon ya zo ɗaya, sannan a bi ana matsewa.

Na huɗu liƙi, kuma a nan ƙarfin jirgin yake. Ana amfani da gam ɗin efoksi, wanda ke zuwa a gwangwani biyu, sai an gauraya su bisa ma'aunin da aka rubuta yake daskarewa. A kwaɓa shi da garin katako ya yi kauri, a cike kowace gaɓa, a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi a kai, a sake shafewa. In ya bushe, a cire wayoyin ko a datse su, a yi wa bayan jirgin haka nan. A wuri mai zafi irin namu, wannan gam yana saurin kamawa, har ya ɗau zafi a cikin kofi, saboda haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, da sassafe ko da yamma. A sa safar hannu domin yana ɓata fata, a rufe hanci lokacin gogewa da samfefa. A ƙarshe a shafa fenti, domin rana tana cinye gam ɗin idan an bar shi a fili.

Akwai abu guda da ba a yin rowarsa, wato akwatunan iska. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, don haka rufaffen akwati mai cin lita 50 zai riƙe kusan kilo 50 a saman ruwa. Jirgin Mirror da irin waɗannan akwatuna a jikinsa aka tsara shi, shi ya sa ko ya kife ba ya nutsewa, masu tuƙi su birkito shi su kwashe ruwan su ci gaba.

(KIƊA)

Jama'a, ɗinka jirgi ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Wani matafiyi Bafaranshe, René Caillié, a 1828, jirgin da ya shiga daga Jenne zuwa mashigar Tambutu na allunan katako ne da aka ɗinke da igiya. Mutanen Kotoko na kogin Shari da Logone su ma sun shahara da irin wannan ɗinki. Har gobe kuma akwai maƙeran jirage a Yawuri da sauran garuruwan bakin Kogin Kwara, waɗanda suka san katako suka san halin ruwa. Abin da Mills da Littledyke da Bucknell suka ƙara shi ne sauƙaƙa aikin da rubuta ma'auninsa, yadda wanda bai gada ba zai iya bi.

Saboda haka kiranmu ga matasan kafintoci, da malaman makarantun koyon sana'a, da iyayen da ke zaune kusa da kogi ko madatsar ruwa: wannan aiki ne da ke koya wa yaro awo da lissafi da haƙuri, ya ga amfanin abin da hannunsa ya yi. Amma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Jirgin mutum biyu na mutum biyu ne, ba na lodi ba, ba na fito ba. Ranar gwaji a nemi wurin da ruwan bai wuce ƙugu ba, a sanar da Sarkin Ruwa ko masuntan wurin, a saurari shawararsu, kuma kowa ya sa rigar kariya kafin ya taka jirgin, ko da ya iya iyo.

A nan za mu dasa aya a shirin na yau. Allah Ya kiyaye mu a tudu da ruwa. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)