Kiwon Kajin Hausa a Ƙasar Batsari da Safana

A da, idan ana lissafin arzikin magidanci a Ruma ko Wagini ko Runka, da shanu ake farawa, sannan tumaki da awaki. Kaza kuwa ba ta shiga lissafi, abar mata ce da yara. Ɓarayin da suka yi sansani a dajin Rugu sun sauya wannan lissafi. An kore garkuna, an kwashe shanun huɗa, har a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na Batsari da Safana. Abin da ya saura a gidaje da yawa shi ne 'yan kajin da ke tono a bayan ɗaki. Su ake kamawa a sayar idan yaro ya kwanta zazzaɓi, su ake yanka wa baƙo, kuma su mace za ta iya cusawa a kwando in gudu ya kama. Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da za a daina yi wa kiwon nan kallon wasa.

Mai son farawa ba ya buƙatar jari mai yawa. Sagara uku ko huɗu da zakara ɗaya sun isa. Tsofaffin mata masu kiwo sun fi son a sayi iri a wurin maƙwabciyar da aka san kajinta, domin kazar kasuwa ba a san dalilin da ya sa mai ita ya rabu da ita ba. Sau da yawa ciwo ne ya shigo gidansa, ya yi sauri ya kai kasuwa kafin ta faɗi. In dai dole sai an sayo, a ɗaure ta gefe guda mako biyu, a duba kashinta da idonta da yadda take cin abinci, kafin a sake ta cikin sauran.

Akurki shi ne abu na biyu. Na laka ne ko na kara, abin da ake nema dai ya zama busasshe, iska na shiga, ƙofarsa na rufuwa gam da dare saboda muzuru da gafiya da maciji. A share shi a kai a kai, a barbaɗa toka don rage ƙuma da ƙwarƙwata. Kashin da aka share kuma kada a zubar, taki ne mai ƙarfi.

Kazar Hausa takan nemo rabin abincinta da kanta, amma wadda aka bari da tono kawai ba ta ƙwai sosai. Da safe a watsa mata dusa ko tsakin gero ko na dawa, da yamma a ƙara, don ta saba dawowa gida da wuri. Ruwa mai tsabta kada ya yanke a kasko, musamman da bazara. In akwai 'yan tsaki, a zuba tsakuwa a cikin kaskon don kada su nutse. Akwai kuma dabarar gara, wadda yaran karkara suka iya tun suna ƙanana: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a bakin ramin gara da yamma. Da safe a ɗaga, a zazzage wa tsaki. Ɗan tsakon da ke samun gara, fiffikensa ma daban yake fitowa.

Wurin da masu farawa suka fi yin asara shi ne makonnin farko bayan ƙyanƙyasa. Kaza takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, ta yi kwanci kwana 21. A rage mata ƙwan daidai yadda za ta iya rufewa, in ba haka ba na gefe su zama baragurbi. Ranar da ta fito da 'ya'yanta, shirwa da shaho suna sama suna jira. A kife su da uwarsu a babban kwando mai ramuka, a inuwa, a riƙa kai musu abinci har su yi kamar wata guda. Wahala ce, amma ita ke raba wadda za ta tashi da tsaki takwas da wadda za ta tashi da biyu.

Sai babbar annoba, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasul, mai zuwa da iskar hunturu. Kaza ta takure, fiffike ya zube, kashi ya koma kore, wata wuyanta ya murɗe, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama kango. Mutane sukan jiƙa barkono ko ɓawon maɗaci, wasu su fasa kafso a ruwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke kashe wannan cuta, kuma ina jin takaicin kuɗin da mata ke ɓatawa a kai. Rigakafi ne kawai ke tare ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana yin wani mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, don haka gara matan unguwa su haɗa kuɗi, su nemi malamin dabbobi ya zo a yi wa kowa rana guda, tun kaka kafin sanyi ya sauka. Kazar da ta mutu kuma a binne ta da zurfi, kada a jefa a juji kare ya ja ta gida gida.

Macen da hannunta ya faɗa takan ƙara da zabbi. Da damina ta sayi ƙwansu, ta sa wa kaza mai kwanci, ta jira kamar kwana 28. Zakarun da suka yi yawa kuwa ta riƙe su ta ciyar har gab da Sallah, lokacin da farashi ke tashi, ta bar ɗaya a gida saboda iri.