Sake Fiɗar Gwiwar Hannu Domin Jijiyar da Ta Matse

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da ma'anoni uku, watau hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren nan mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wadda ake nufi a wannan takarda ita ce ta ukun, musamman wadda ke sauka daga wuya, ta bi ta bayan tudun ƙashin da ke gwiwar hannu ta ɓangaren jiki, ta ƙare a ƙaramin yatsa da rabin wanda ke bi masa. Likitoci suna kiranta ulna, da sunan ƙashin da take bi. Duk wanda ya taɓa buge gwiwar hannunsa ya ji kamar lantarki ya ja shi har yatsa, to, ita ya buge.

A bayan ƙashin nan jijiyar tana ratsa wani ƙuntataccen kwararo, wanda yakan ƙara tsukewa in an lanƙwasa hannu. Idan matsin ya daɗe, sai yatsun nan biyu su daina jin taɓi sosai, riƙo ya raunana, tsokar tafin hannu ta rame, daga bisani yatsun su ƙanƙance. In an ɗebe matsin da ke aukuwa a wuyan hannu, babu matsin jijiya da ya fi wannan yawa a hannun ɗan Adam. A ƙasashenmu akwai dalilai biyu da ya kamata a riƙa tunawa: kuturta, wadda takan kumbura wannan jijiya daidai saman gwiwar hannu, da karayar ƙuruciya wadda ɗorinta ya karkace, ta zo tana jan jijiyar bayan shekaru masu yawa.

Hanyoyin fiɗar ba sababbi ba ne. A 1898 Curtis ya bayyana ɗauke jijiyar daga bayan ƙashi a maido ta gaba, ƙarƙashin fata. A 1942 Learmonth ya kwantar da ita ƙarƙashin tsoka. A 1950 King da Morgan suka kawo dabarar rage tudun ƙashin kansa, sa'an nan a 1957 Osborne, a Ingila, ya nuna cewa akan sami sauƙi in an tsaga rufin kwararon kaɗai. Yawancin waɗanda aka yi wa aiki suna samun sauƙi, amma akwai waɗanda ba su samu.

Waɗannan kuwa kashi biyu ne, kuma bambance su shi ne tushen maganar. Kashi na farko su ne waɗanda ciwon bai taɓa barinsu ba ko bayan fiɗa. A nan abin zargi shi ne an bar wani wurin matsi ba a saki ba, ko jijiyar ta tanƙware sa'ad da aka sauya mata wuri, ko kuwa tun asali cutar ba a gwiwar hannu take ba, a wuya take ko a wuyan hannu. Kashi na biyu su ne waɗanda suka warke na wasu watanni ko shekaru, kana ciwon ya komo. Su yawanci tabon ciki ne ya nannaɗe jijiyar ya shaƙe ta. Akwai kuma wanda zafinsa daga wata ƙaramar jijiyar fata yake, wadda wuƙa ta yanka a aikin farko.

Saboda haka likita mai hankali ba ya gaggawar komawa da wuƙa. Yakan bincika irin aikin da aka yi da fari, ya auna saurin tafiyar saƙo cikin jijiyar da na'urar lantarki, ya duba ta da na'urar hoto mai aiki da sauti, ya kuma tabbatar ko akwai ciwon sukari ko kuturta. Tilas kuma a ba jijiya lokaci, gama tofuwarta ba ta wuce kimanin milimita 1 a yini ba. In fiɗa ta wajaba, sai a bi jijiyar daga inda take lafiya zuwa inda tabo ya kama ta, a saki kowane matsi, a shimfiɗa ta miƙe a sabon makwanci mai jini, sau da yawa ƙarƙashin tsoka. Wani lokaci akan lulluɓe ta da kitse ko da yankin jijiyar jini don kada tabo ya sake kama ta.

Wajibi ne a gaya wa majiyyaci gaskiya tun kafin a fara: amfanin fiɗa ta biyu bai cika kai na ta farko ba. Zafi shi ya fi saurin lafawa, jin taɓi yakan komo sannu a hankali, amma tsokar da ta daɗe da ramewa da wuya ta dawo yadda take. Ga tela ko maɗinkin hula ko magatakarda, wannan magana ce ta abin da zai ci. Malaman da ke koyar da kiwon lafiya a makarantun horon malamai za su taimaka ƙwarai in sun koya wa ɗalibansu cewa mutuwar ƙaramin yatsa alama ce ta zuwa asibiti da wuri, tun tsoka ba ta rame ba.